Fulawar Baban Kosi

Saudatu haifaffiyar cikin garin Suleja ce, 'yar gidan maƙera, aure ne ya kai ta Kwamba tun unguwar tana rabi gidaje rabi gonakin dawa. Mijinta, Malam Fakhruddeen, direban bas ne tsakanin Suleja da Abuja. Da guminsa ya gina gida mai ɗaki biyar, da tsakar gida mai faɗi, da rijiya a kusurwa. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar mata 'ya'ya biyu, Rabi'u da Fauziyya, da ɗakuna uku na haya. Ita kuwa suyar masa take yi a ƙofar gida da safe, kafin ƙarfe tara ta wanke tanda ta kife.

Sauran yinin na zumunci ne. Biki, suna, gaisuwar mara lafiya, ta'aziyya, ba a yi babu ita. Ƙawayenta har tsiya suke mata, wai ko kaza aka yanka a Lambata sai an hango mayafin Saudatu a bakin ƙofa.

Cikin 'yan hayarta akwai Theophilus, Ibo ne, dogo mai sanyin magana, wanda ya shekara goma sha ɗaya a ɗakin da ke kusa da rijiya. A gidan aka haifi 'yarsa Kosisochi. Da matarsa ta rasu ya kai yarinyar wurin kakarta can ƙasarsu, amma sunan ya zauna masa, kowa Baban Kosi yake ce masa. Sana'arsa renon fulawa. Yana da ɗan fili a bakin titi a Abuja inda yake jera su cikin baƙaƙen ledoji, masu manyan gidaje suna tsayawa da motocinsu suna saya.

Wata rana da azahar sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, bayanta ja wur. Jami'ai ne suka zo da katafila suka share bakin titin gaba ɗaya, shi kuwa ya tsira da abin da ya iya kwashewa. Ya tsaya gaban Saudatu da hula a hannu.

"Mama Rabi'u, ki taimake ni da tsakar gida, kafin in sami wani wuri."

"Haba Baban Kosi, har sai ka roƙa? Shigo da su."

Leda ɗari uku ne da 'yan kai, kuma duk iri ɗaya, wata fulawa da ya ce sunanta iksora. Ganyenta kore shar mai sheƙi, furanninta ƙanana a dunƙule kamar an ɗaure allurai wuri guda, yawanci jajaye, wasu ruwan ɗorawa. Ya ce da ita ake yin shinge a gidajen manya, kuma dangin itacen kofi ce. Saudatu ta yi dariya ta ce to wannan kofin ba ya shayuwa.

Ana saura kwana biyar Kirsimeti ya shirya tafiya gida. Ya zagaya da ita cikin ledojin yana nuna mata. Ban ruwa safe da yamma, in ji shi, kuma ban da ruwan wanki, ban da toka, ba ta son su ko kaɗan.

"Sati biyu ne kawai, Mama. Duk abin da na mallaka a duniya ke nan. Amana na bar miki."

"Na karɓa," in ji ta. "Allah ya kai ka lafiya. Ka gaishe min da Kosi."

Sati biyu suka wuce, wata ya cika. Rabi'u ya kira lambarsa, aka ce a kashe take. Aka sake kira bayan sati, haka. Saudatu ta ce halin tafiya ne, mutum da danginsa ba a yi masa gaggawa. Ta ci gaba da jan guga.

Da bazara ta kama, rijiyar ta ja baya, sai laka guga ke kawowa. A nan ta san abin da ta karɓa. Leda ba ta riƙe ruwa, in rana ta take sai ganyen ya langaɓe kamar kunnen akuya. Ta koma tare 'yan garuwa a bakin layi, in sun yi wuya ta ɗauki bokiti ta bi matan unguwa zuwa famfon burtsatse. Masar da take fara soyawa bayan sallar asuba ta koma sai rana ta fito, masu saye kuwa 'yan zuwa aiki Abuja ne, ba sa jiran kowa. A hankali suka koma wurin wata a layin gaba. Kafin damina ta sauka, tandar ta shiga ƙarƙashin gado.

Rabi'u, wanda a lokacin yake ɗinki a wani shago a kasuwa, shi ya fara magana.

"Inna, mutumin nan fa ba zai dawo ba. Ga masu saye suna leƙowa kullum. Ki sallame su mu huta."

"Kai ya ba wa ajiya ko ni?"

"Ke ya ba wa."

"To ka bar ni da kayana."

Amma maganar ta tsaya mata a rai, ta je ta sami limamin unguwa bayan la'asar. Ya saurare ta tsaf, ya ce idan mai ajiya ya ɓace kuma ana tsoron kayan su lalace, ya halatta a sayar a adana masa abin da aka samu.

Saudatu ta ce, "To ai Malam ba su lalace ba."

Liman ya yi dariya har ya riƙe gemu. "Ai ke kika hana su lalacewa, baiwar Allah."

Ta dawo gida ba ta ji an sauke mata komai ba. Abin da ta riƙe shi ne, mutumin bai ce ta sayar ba. In ya shigo gobe ya tarar da tsakar gida fayau, da wane ido za ta dube shi?

Wata Lahadi ta yafa mayafinta ta hau Keke mai ƙafa uku zuwa cocin da Baban Kosi yake zuwa. Ba ta taɓa tsayawa a ƙofar coci ba a rayuwarta. Ta rakuɓe a gindin wani mangwaro har aka tashi, mutane na fitowa suna kallonta. Wani dattijo mai suna Nnabuike, mai sayar da kayan gyaran babur, shi ya matso ya gaishe ta da Hausa. Ya san Theophilus sarai, su ma sun neme shi sun gaji. Ya ce ya san sunan ƙauyensu, amma ƙauyuka masu wannan suna sun fi uku a can, kuma mutumin ba mai yawan faɗin kansa ba ne. Ya yi alkawarin duk wanda zai je gida za a sa shi ya yi cigiya.

A shekara ta biyu yayanta ya rasu a Minna. Wannan kam ba ta da yadda za ta yi. Ta roƙi Debora, wata 'yar haya da ke aikin shara a asibiti, ta riƙa ba su ruwa, ta tafi kwana uku. Debora ba muguwa ba ce, ruwa ne ya yi wuya, ita kuma ta ga asara ce a zubar da na wanki a kwata. Bayan Saudatu ta dawo da kamar mako guda, layin da ke kusa da ɗakin Debora ya fara yin rawaya. Ganye ya zube. Goma sha ɗaya suka bushe ƙurmus.

Ranar da ta tabbatar sun mutu, ta zauna a bakin rijiya ta yi kukan da ba ta samu ta yi a Minna ba. Debora ta durƙusa tana ba ta haƙuri, ita kuwa ba Debora take jin haushi ba.

Ta tuna ta sha ganin Baban Kosi yana yanko reshe, ya tsige ganyen ƙasa, ya soka a leda ya ajiye a inuwa. Ta gwada ashirin, uku suka kama. Ta sake gwadawa da damina, ta haɗa ƙasar da yashin rafi da busasshen kashin shanu da wata mai tallan nono take kawo mata. Wannan karon kusan duka suka yi. Ta mayar da goma sha ɗayan nan, hankalinta ya ɗan kwanta.

Sai dai hannu ya riga ya koya. Fulawar tana girma, dole a rage mata kai, in ba haka ba ta rufe hanya. In ta yanke rassan kuma, sai ta kasa zubarwa, tunda ta san kowane reshe rai ne, kuma daga jikin kayan mutane ya fito. Sai ta soka a leda. Haka ɗari uku suka zama ɗari biyar. Manyan suka fasa ledojinsu, ta mayar da su cikin bokitan fenti da tsofaffin bahuna da tayoyin mota. Waɗansu ba ta farga ba saiwarsu ta bi tsagar siminti ta shige ƙasa, suka zauna daram.

Tsakar gidan da ake shanya, ake daka, ake shimfiɗa tabarmi ranar suna, ta koma 'yar siririyar hanya daga zaure zuwa ɗakuna, sai mutum ya karkata kafaɗa. Masu wucewa suna leƙowa su ce kai, gidan nan kamar aljanna. Mazauna ciki kuwa sauro ya ishe su. Ranar da aka kashe maciji a bayan wani baho, Debora ta fara neman ɗaki a wani wuri, ba ta cika wata ba ta tashi.

Fauziyya ta yi aure a Lambata, ta dawo gida wankan haihuwar fari. Babu inda za a kafa murhun ruwan jego, ga shi kuma ana gudun toka. A waje aka kafa shi, bakin layi, ana shigowa da ruwan zafi bokiti-bokiti ta cikin fulawa. Dangin mijin da suka zo taron suna, a ƙofar gidan maƙwabta aka yi musu shimfiɗa. Ranar da za ta koma, Fauziyya ta tari uwar da magana.

"Inna, in na sake haihuwa ba zan zo ba. Ke za ki zo."

"In Allah ya yarda."

"Ba za ki zo ba. Na sani."

Da ta sake haihuwar, Saudatu ta je. Ta shayar da fulawa da sassafe, ta hau mota, ta ɗauki jaririn ta yi masa addu'a, ta ci tuwo loma uku. La'asar na yi ta fara duban rana. Fauziyya ta juya fuska bango ta ce, "Je ki, Inna, kada 'ya'yanki su ji ƙishi." Maganar ta bi ta har Suleja, tana zaune a bayan mota an matse ta da buhunan doya, tana share ido da gefen mayafi.

Ƙawayenta sun daina aiko mata da goron gayyata. Ba faɗa aka yi ba, sun dai gaji da jin Allah ya sa alheri daga bakin ƙofa. Akwai ranakun da take tsayawa da bokiti a hannu ta dubi jan furannin nan ta ji ta tsane su har cikin ranta. Ta taɓa ɗaga bokitin ruwan omo ta nufi layin farko, ta tsaya a kansu har hannunta ya gaji, sannan ta juya ta zuba a kwata, ta yi istigfari.

A shekara ta shida, wata Asabar da hantsi, Nnabuike ya yi sallama. Ya je jana'iza can gida, a wurin ya haɗu da wata mata da ta san dangin. Theophilus yana da rai. Kwana uku da isarsa gida, a waccan Kirsimetin, ya yanke jiki ya faɗi a bayan ɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya rufe. Wayarsa ta ɓace a hidimar asibiti. Kosisochi ce ke jinyarsa tun daga ranar, ta bar makaranta saboda shi. Ga lambarta a takarda.

Saudatu ta ce a kira mata Rabi'u daga shago yanzu-yanzu. Ya zo da zare a wuyansa, ya yi kiran da ake ganin fuska. Wata budurwa ta bayyana, ramammiya, da ɗankwali a kai. Saudatu ta gane goshin nan take.

"Kosi! Ke ce kika girma haka?"

"Mama Rabi'u," in ji yarinyar, sai ta fashe da kuka. Hausarta ta gudu saura kaɗan, Rabi'u ne yake fassara Turancinta. Ta ce ba ta san akwai wasu fulawa ba. Ta ɗauka duk abin da babanta yake da shi ya tafi ranar da aka rushe wurinsa.

Kosi ta juya wayar ta haska babanta. Yana zaune a kujerar roba a gindin wata bishiya, an ɗaura masa zane, kansa ya yi fari fat, bakinsa ya karkace. Saudatu ta karɓi wayar daga hannun Rabi'u, ta bi 'yar hanyar nan a hankali tana nuna masa, layi bayan layi, har waɗanda suka fi ta tsawo. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, hawaye na bin kuncinsa, Kosi tana goge masa.

"Baban Kosi, ga kayanka," in ji Saudatu da ƙarfi, kamar mai magana da na bayan dutse. "Goma sha ɗaya sun mutu a hannuna, na mayar. Ka yafe min. Yanzu me za a yi da su? In sayar in aiko muku?"

Ya yi sautin nan dai.

"Ta ce ya ce e," in ji Rabi'u da sauri. "Ta ce ki sayar, ko ki riƙe, duk yadda kika ga dama, naki ne."

"Ita ta faɗa. Ni ban ji ya ce ba." Ta matso da wayar kusa da fuskarta. "Baban Kosi, in ka yarda in sayar, ɗaga hannunka."

Hannun hagu ya taso a hankali daga cinyarsa. Rabi'u ya ce alhamdu lillahi. Nnabuike ma ya sauke numfashi. Saudatu ta tsaya tana kallon hannun. Da ta bar shi a nan, da zance ya ƙare. Amma ta san halin kanta, ta san ba za ta iya barci a kan rabin magana ba.

"In kuma so kake in ajiye maka har ka zo, ɗaga hannu."

Hannun ya sake tasowa, daidai kamar na farko.

Kosi ta yi magana a hankali. Sai da uwar ta dube shi sannan Rabi'u ya fassara. Ya ce, "Wai haka yake yi duk abin da aka ce masa. Ko abinci aka tambaye shi, ko wanka."

Aka kashe wayar. Nnabuike ya ce a ganinsa maganar 'yar ta isa, ita ke ɗawainiya da shi. Liman ma da aka je masa haka ya ce, ya ƙara da cewa mara lafiyar yana bukatar magani. Wannan ta shiga kunnen Saudatu. Ta kwana biyu tana juya abin, sannan ta raba fulawar gida biyu. Duk wadda ta fito daga reshen da ita ta soka da hannunta, ta yarda a sayar, abin da aka samu Rabi'u ya tura wa Kosi. Amma na asali, waɗanda ya sauke daga mota ya damƙa mata, da goma sha ɗayan da ta mayar, ba mai taɓa su sai mai su ya buɗe baki.

Haka ake yi har yanzu. Masu shingen gidaje sun san gidan, suna zuwa da Keke su ɗiba. Tsakar gidan ba ta ƙara faɗi ba ko taku ɗaya, domin na asalin su ne manyan, kuma daga jikinsu ake yanko na sayarwa. Aikin ma ƙaruwa ya yi, tunda yanzu akwai mai jiran magani a ƙarshensa. Gwiwoyinta sun fara ciwo, likita ya hana ta ɗaukar bokiti. Rabi'u ya sa tanki a kan dakali ya haɗa mata tiyo, tana jan kujera 'yar tsugunno daga layi zuwa layi. Da ya tashi aure, ya so ya fitar da ɗaki da falo a tsakar gidan ubansa. Ya auna da ido, ya haƙura, ya kama haya a bayan kasuwa.

Watan jiya ta yi zazzaɓin da ya kwantar da ita kwana huɗu, Rabi'u yana rufe shago yana zuwa ban ruwa. Da ta samu sauƙi ta aika aka kira mata liman da Nnabuike, ta ce Rabi'u ma ya zauna. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ta sa an ɗaura jan ƙyalle a jikin kowace fulawa ta asali.

"Ku zama shaida," in ji ta. "Rai a hannun Allah yake. In ta Allah ta kasance a kaina, duk mai jan ƙyalle ba ta cikin gado. Ta Baban Kosi ce. Kada a raba, kada a sayar, kada a sare."

Liman ya ce ya shaida. Nnabuike ya cire hularsa ya ce shi ma ya shaida. Rabi'u yana ta murza bakin tabarma da yatsa.

"Inna, wa zai riƙe su?"

"Wa nake da shi in ba kai ba?"

Rabi'u ya ce, "To har yaushe?"

"Har ya yi magana."

"In bai yi ba fa? In shi ma ta Allah ta kasance?"

"Sai ka tambayi Kosi. A ranar ne maganarta za ta zama magana, tunda ita za ta gaje shi."

Ana jin ƙarar injin markaɗe daga maƙwabta. Kowa ya gane rasuwar Baban Kosi ce ƙofar fita, ba kuma wanda ya yarda ya dube ta. Saudatu ta gyara mayafinta, ta dubi liman.

"Malam, a yi masa addu'a. Allah ya ba shi lafiya, ya ja da ransa."

Liman ya ɗaga hannu, Nnabuike ya sunkuyar da kai. Rabi'u ya ɗan jinkirta, sannan ya ɗaga nasa, ya ce amin tare da su.